Alƙaluman da Reshen Ɗakin Karatu Ke Aikawa Hedikwata da Kuɗin da Ake Ware Masa

Tambayar ta zo ne daga wata malama da ke kula da reshen ɗakin karatu na jama'a a wata ƙaramar hukuma. Ta ce duk bayan wata uku tana cike fom na yawan masu shigowa, da littattafan da aka ara, da waɗanda suka yi rajista, ta aika wa hukumar ɗakunan karatu ta jiha, amma an yi shekaru ba a sayo wa reshen sabon littafi ba, jaridu ma an daina kawowa. Tana so ta san ko akwai wata alaƙa tsakanin waɗannan alƙaluma da kuɗin da gwamnati ke warewa, ta kuma ce wani abokin aikinta ya ba ta shawarar ta riƙa ƙara wa lissafin auki, wai sai da haka za a waiwaye su.

Malama, alƙaluma ba sa jawo kuɗi don kawai an tattara su. Suna jawo kuɗi ne a inda doka ko ƙa'idar rabon tallafi ta ce ba za a saki kuɗin ba sai an kawo su, kuma a yawancin jihohinmu babu irin wannan sharaɗi, shi ya sa fom ɗinki yake isa hedikwata ya kwanta a cikin fayil. Wannan bai mayar da aikinki na banza ba, bai kuma halatta shawarar abokin aikinki ba. Abin da ya nuna shi ne fom ɗin da kike cikewa rabin bayani ne, ɗaya rabin yana cikin takardun kasafin kuɗi waɗanda ma'aikatan ɗakunan karatu ba kasafai suke buɗewa ba, kuma sai an jera biyun a shafi guda ne mai riƙe da lalitar gwamnati yake jin an yi magana da shi.

Ya kamata a fara da sanin wanda nauyin ya rataya a wuyansa, domin mutane da yawa suna zaton Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne uban duk ɗakunan karatun Najeriya. An kafa shi da dokar 1964, aka sake masa wata dokar a 1970, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, kuma babban aikinsa adana abin da aka wallafa a ƙasar: mawallafi mai zaman kansa ya kai masa kwafi 3 na kowane littafi, gwamnatin jiha ta kai 10, ta tarayya ta kai 25, shi ne kuma ke ba da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya. Yana da rassa a jihohi da dama, amma ba ya biyan albashinki, ba ya sayen littattafan reshenki, kuma shi kansa ginin hedikwatarsa da aka fara a Abuja a 2006 ya shafe shekara da shekaru a tsaye ba a kammala ba. Asusun tallafa wa ilimi mai zurfi na TETFund yana ba da kuɗin bunƙasa ɗakunan karatu, amma tun dokarsa ta 2011 jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati kaɗai yake yi wa hidima. Kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC, wato kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, na makarantun firamare ne da ƙananan sakandare. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya lissafo ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, ya ambaci ilimin firamare da na manya, amma bai kira sunan ɗakin karatu ba.

Saboda haka ɗakin karatu na jama'a ya zama ɗan jiha. A Arewa an fara ne da ɗakunan karatu na En'e a shekarun 1940, sannan aka buɗe ɗakin karatu na Jihar Arewa a Kaduna a 1952, aka kuma yi rahoton F. A. Sharr na 1963 kan abin da yankin yake buƙata, amma da aka ƙirƙiro jihohi a 1967 sai nauyin ya koma kan kowace jiha ita kaɗai, yawancinsu suka kafa hukuma a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi. Babu wata doka ta ƙasa da ta ce jiha ta kashe kaza a kan kowane mutum, ko ta ware kashi kaza na kasafin ilimi.

Yanzu ki dubi yadda ake tsara kasafin hukumarku. Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsare takan aiko da takardar umarni ga kowace hukuma, ta yanka mata iyakar da ba za ta tsallake ba, kuma wannan iyaka a mafi yawan lokuta daga kasafin bara ake ɗauko ta, a ɗan ƙara ko a ɗan rage. Ba a tambayar mutum nawa suka shiga reshenki kafin a yanka ta. Kuɗin yakan kasu gida uku, wato albashi, da kuɗin gudanarwa na wata-wata wanda daga cikinsa ake biyan wuta da man janareta da jaridu da takarda, sai kuma manyan ayyuka. Albashi yana fita domin an haɗa shi da na sauran ma'aikatan jiha. Kuɗin gudanarwa yakan zo a gutsure, wani watan ya zo, wani watan a tsallake. Sayen littattafai kuwa a jihohi da yawa yana cikin manyan ayyuka ne, tare da gyaran rufi da gina katanga, ma'ana ba ya fita sai an rubuta memo, ya bi ta ofishin kwamishina, gwamna ya amince, sannan Akanta Janar ya samu sararin biya. A nan ne littattafanki suke maƙalewa, domin idan kuɗi ya yi ƙaranci manyan ayyuka ake fara jinginewa, kuma a cikin manyan ayyukan ma littafi ba abu ba ne da ake yanka kyalle a ƙaddamar.

Don haka alƙaluman kuɗi guda uku ne, kuma kuskure ne babba a cakuɗa su: abin da majalisar dokoki ta amince da shi, abin da aka saki, da abin da aka kashe a kan littafi da jarida. Idan aka ji a rediyo cewa an ware wa hukumar ɗakunan karatu miliyan kaza, na farkon ake nufi. A ɗauka, don misali kawai, an amince da naira miliyan 50 na littattafai a jiha mai mutum miliyan 5, aka saki miliyan 5. A takarda kowane ɗan jiha ya samu naira 10, a zahiri ya samu naira 1, kuma idan aka cire kuɗin dako da na ɗan kwangila abin da ya isa kan kantar littattafai bai kai haka ba. Samun waɗannan alƙaluma a yau ya fi sauƙi fiye da da, saboda shirin SFTAS na Bankin Duniya da aka fara a 2018 ya sa jihohi sun saba da wallafa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi duk wata uku a intanet, kuma hukumarku tana da layinta a ciki. Ki nemi rahoton zango na huɗu, wato wata ukun ƙarshen shekara, na shekaru uku ko huɗu da suka wuce, ki kwafe ginshiƙin abin da aka amince da na abin da aka kashe. Sai dai a kula da faɗuwar naira. Dala da ake canzarwa a hukumance wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, kuma takarda da tawada da littattafan kimiyya galibi daga waje suke zuwa, saboda haka kasafin da ya tsaya a wuri guda ya ragu ƙwarai ko da ba a taɓa shi ba. Hanya mafi gaskiya ita ce a mayar da kuɗin zuwa yawan littattafan da zai iya saya a kowace shekara.

Don ki ga yadda abin yake idan an ɗaure kuɗi da alƙaluma, Amurka ce misalin da ya fi fitowa fili. Tun 1988 ake gudanar da ƙididdigar ɗakunan karatu na jama'a a can kowace shekara, yanzu a hannun IMLS, hukumar tarayya mai tallafa wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi, wadda aka kafa a 1996. Ƙididdigar ta ƙunshi hukumomin ɗakunan karatu kusan 9,000 masu rassa wajen 17,000, kowace jiha tana da jami'i guda mai tattara bayanan nata, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna amsawa. Abin da alƙaluman ke nunawa yakan ba mutane mamaki: kusan kashi 85 cikin 100 na kuɗin gudanar da ɗakunan karatun daga ƙananan hukumomi yake fitowa, galibi daga harajin gidaje da filaye, jihohi suna ba da ƙasa da kashi 10, gwamnatin tarayya kuwa ba ta cika kaiwa kashi 1 ba. Amma wannan ɗan kaso na tarayya yana da ƙugiya. Ana raba shi ga jihohi bisa yawan jama'a, jiha sai ta kawo kashi 34 kafin tarayya ta ba da 66, kuma idan jiha ta rage abin da take kashewa ƙasa da matsakaicin shekaru uku da suka gabata, za a rage mata tallafin daidai da yadda ta rage. Ba yadda za a tabbatar da wannan sai da rahoto, don haka rahoton ya zama mabuɗin kuɗin.

Jihar Massachusetts ta kai abin har matakin gari. Domin ɗakin karatu na gari ya cancanci tallafin jiha, dole majalisar garin ta ware masa aƙalla matsakaicin abin da ta ware a shekaru uku na baya tare da ƙarin kashi 2.5 cikin 100, dole ya buɗe na wasu sa'o'i a mako gwargwadon yawan mutanen garin, dole kuma ya kashe wani kaso na kasafinsa a kan littattafai da makamantansu, daga kashi 20 a ƙananan ƙauyuka zuwa kashi 12 a manyan garuruwa. Duk wannan a rahoton shekara ake tabbatar da shi. Garin da ya gaza, bai kuma samu afuwa ba, yakan rasa tallafin, kuma ɗakunan karatu na maƙwabta suna da damar hana mutanensa aro. Wannan hukunci na biyu ya fi na farko zafi, domin shi ne ke sa mutanen gari su tashi su tuhumi kansilolinsu. Ki lura da cewa tallafin jihar ba wani kuɗi ne mai yawa ba. Amfaninsa shi ne yana hana ƙaramar hukuma janye hannunta a ɓoye.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Attajirin nan Andrew Carnegie, wanda ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu 2,509 tsakanin 1883 da 1929, ba ya ba gari gini sai garin ya yi alƙawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin a kowace shekara wajen tafiyar da shi. Ina ganin duk ɗan majalisar da zai gina ɗakin karatu a matsayin aikin mazaɓa ya kamata a karanta masa wannan sharaɗi tukuna, domin gini marar kasafin shekara-shekara bai cika daɗewa ba kafin a mayar da shi ofis ko ɗakin ajiya.

Sai dai kada a ɗauka cewa alƙaluma masu kyau kariya ce. Birtaniya tana da doka tun 1964 wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi a Ingila da Wales samar da cikakkiyar hidimar ɗakin karatu mai inganci, tana kuma da ƙungiyar akantocin gwamnati ta CIPFA da ta daɗe tana tattara alƙaluma. Duk da haka rahoton ƙungiyar na 2019 ya nuna an rufe rassa kusan 800 tun 2010, kuɗin da ake kashewa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, ma'aikata masu albashi suka ragu, 'yan sa-kai suka cike gurbi. Dokar ta yi umarni amma ba ta faɗi adadi ba, kuma babu wani tallafi da aka ɗaure da rahoton. Abin da alƙaluman suka yi shi ne sun hana a musanta asarar. A Amurka ma, a watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin rage hukumar IMLS zuwa mafi ƙarancin abin da doka ta tanada, aka tafi kotu, kuma cikin abin da aka ji wa tsoro har da ita kanta ƙididdigar. A nahiyarmu misalin da ya fi kusa da buƙatarmu shi ne Afirka ta Kudu, wadda tun 2007 gwamnatin tsakiya take ba larduna tallafi na musamman don ɗakunan karatu na al'umma, kuɗin da ba a yarda a karkatar da shi zuwa wani aiki ba, kuma sai da tsarin aiki da rahoto ake ci gaba da sakinsa. A ra'ayina, irin wannan ne ya kamata Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Najeriya da majalisar LRCN mai yi wa ma'aikata rajista su sa a gaba, ko da kuɗin kaɗan ne, muddin an ɗaure shi da sharaɗin cewa jiha ta saki nata kason ta kuma wallafa alƙalumanta.

Kafin a kai can, akwai abin da yake hannunki, wato ingancin abin da kike ƙirgawa, kuma a nan ne fom ɗin da aka saba da shi yake cutar da reshe irin naki. An tsara shi ne bisa tunanin cewa ɗakin karatu wuri ne da ake aron littafi a tafi da shi gida. A wurare da yawa a nan an taƙaita aro ko an daina shi baki ɗaya saboda tsoron ɓacewar littattafai, kuma yawancin masu zuwa ɗalibai ne da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, ko masu neman ƙarin girma a wurin aiki, waɗanda ke zuwa da littattafansu suna neman kujera da haske da shiru. Idan aro kawai kika ƙirga, reshen da yake cike maƙil zai fito a takarda tamkar kango. Ki ƙara abu biyu. Na farko, ki sa a ƙirga kujerun da ke da mutane a lokuta tsayayyu, misali ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 12 da ƙarfe 3, a rubuta tare da jimillar kujerun da ke akwai, a kuma rubuta duk ranar da aka mayar da mutane don babu wurin zama. Na biyu, ki roƙi masu karatu su bar littafin da suka ɗauko a kan tebur, ma'aikaci ya ƙirga kafin ya mayar da shi kan kanta. Ma'aunin duniya na ƙididdigar ɗakunan karatu, ISO 2789, ya san da wannan amfani na cikin gida, ya kuma ware masa gurbi dabam da aro.

Wannan ma'auni ya bambanta abubuwan da muke yawan haɗewa. Ziyara dabam take da mutum: ɗalibin da ya zo kwana ashirin a wata ziyara ashirin ce, amma mutum ɗaya ne, kuma sai kin yanke shawara guda kan wanda ya fita sallar azahar ya dawo, ko za a ƙirga shi sau ɗaya ko sau biyu, ki rubuta shawarar a bangon littafin rajista domin wanda zai gaje ki ya bi. Mai rajista dabam yake da mai amfani: sunan da aka rubuta shekara goma da suka wuce ba hujja ba ce cewa mutumin yana gari ma, shi ya sa ma'aunin yake ƙirga wanda ya yi aro aƙalla sau ɗaya a cikin shekarar, ƙididdigar Amurka kuma take son a tace rajista duk shekara uku. Haka nan lambar ƙarshe a littafin shigar da kaya ba ita ce yawan littattafanki ba, domin ta haɗa da waɗanda gara ta ci da waɗanda ruwa ya jiƙa da waɗanda ba su dawo ba. Idan ba za ki iya ƙirga kowa kullum ba, an yarda a ɗauki mako guda da ba na biki ba a ninka, amma a ƙasarmu mako guda ba ya wakiltar shekara, domin cunkoson lokacin jarrabawa da raguwar azumi da hutun makarantu sun yi nisa da juna. Ki ɗauki mako guda a kowane zango, ki riƙe makonnin nan a kowace shekara. Mai awon hatsi da ke canza mudu tsakanin safe da yamma ba ya iya faɗin ko ciniki ya ƙaru ko ya ragu, kuma haka alƙaluman da ma'anarsu ke sauyawa suke.

Akwai abubuwa uku da fom ba ya tambaya, alhali su ne suka fi magana a gaban masu kasafi. Ɗaya shi ne shekarun littattafai. Ki ɗauki kantar kimiyya ko ta kiwon lafiya ko ta shari'a, ki duba shekarar bugu na littafi ɗari a jere, ki faɗi nawa ne aka buga cikin shekara goma da suka wuce. Na biyu shi ne abin da aka nema ba a samu ba. Ki ajiye littafi a teburin shiga, duk wanda ya tambayi wani littafi ko jarida ko intanet aka ce babu, a rubuta abin da ya nema da kwanan wata, kuma za ki ga a wata uku kin samu jerin sayayya da ba wanda zai ce son ranki ne, har da yawan masu neman littattafan Hausa da na Larabci da na yara. Na uku shi ne raba littafin da aka saya da wanda aka bayar kyauta. Ƙungiyoyi irin su Book Aid International sun daɗe suna aiko da littattafai ƙasashen Afirka, kuma alheri ne, amma idan aka zuba kyauta da sayayya a gurbi guda, rahoto zai nuna an samu sababbin littattafai a shekarar da gwamnati ba ta sayi ko ɗaya ba. Idan ba a saya ba, ki rubuta 0. Kada ki bar gurbin a buɗe, domin gurbi a buɗe yana nufin ba a ƙirga ba, sifiri kuwa shaida ne. Ki kuma raba alƙaluman maza da mata da yara, ki rubuta sa'o'in da aka rufe ko aka zauna cikin duhu don rashin wuta.

Game da shawarar abokin aikinki, bayan kasancewarta ƙarya a takardar gwamnati da za ki sa wa hannu, ba ta ma biyan buƙatar da yake nufi. Idan reshen da aka yi shekara biyar ba a saya masa littafi ba ya kawo rahoton cewa masu zuwa suna ƙaruwa, abin da jami'in kasafi zai fahimta shi ne ana iya tafiyar da wurin ba tare da kuɗi ba. Sannan alƙaluman ƙarya ba sa jituwa da junansu: duk wanda ya san yawan kujerunki da sa'o'in buɗewa zai iya lissafa iyakar mutanen da za su iya shiga, kuma masu ba da tallafi daga waje suna yin wannan lissafin, wasu har su zo su zauna yini guda. Wanda ya ƙara bana sai ya ƙara baɗi, ranar da aka sauya shi kuma magajinsa mai gaskiya ne zai bayyana kamar ya kashe wurin. Raguwar gaskiya ta fi amfani a gare ki, muddin kin ajiye ta kusa da dalilinta, wato shekarar da aka daina jarida ga yadda manya suka daina zuwa, watan da janareta ya lalace ga yadda kujerun rana suka koma wayam.

Sauran magana ita ce lokaci da wanda za a kai wa. Fom na wata uku ki ci gaba da aikawa yadda aka saba, amma ki haɗa shafi guda naki, wanda a samansa akwai abin da aka amince da abin da aka saki na shekaru uku, a tsakiya akwai cikar kujeru da shekarun littattafai da jerin abin da aka nema aka rasa, a ƙasa kuma buƙata guda mai farashi, kamar jarida biyu kullum da littattafai ɗari biyu da aka lissafo sunayensu. Ki miƙa shi ga shugaban hukumarku ta hanyar da dokar aiki ta tanada kafin takardar umarnin kasafi ta fito, wadda galibi a rabin shekara na biyu take zuwa, domin da zarar an yanka iyaka an gama magana. Shugaban ne zai je kare kasafi a gaban kwamitin majalisar dokoki, kuma wanda ya je da shafi irin wannan daga rassa goma ya fi wanda ya je da koke. Abin da ya fi dacewa ya nema shi ne a ciro sayen littattafai da jaridu daga manyan ayyuka a mayar da shi layi na kansa a kuɗin gudanarwa, ko da adadin ya ragu, domin kaɗan da ke zuwa kowane wata ya fi mai yawa da ke jiran memo. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, duk da jan ƙafar da ake yi wajen aiwatar da shi, ya sa shugaban ƙaramar hukumarku ya zama wanda ya cancanci a nuna wa shafin, da izinin hukumarki, musamman kan wuta da kujeru da jaridu. Adadi kawai za ki fitar. Sunayen masu karatu da lambobin wayarsu da abin da kowa ya karanta su tsaya a reshe, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi littafin rajistarki kamar yadda ta shafi na banki.